Sa Hannu na Ashirin da Uku

Litinin, 3 ga wata

Zuwa ga Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan wannan takarda za ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da yara da duk mutanen gida. Yaya ƙafar taki? Kina shan maganin kuwa, ko har yanzu ke ce mai raba wa jama'a magani a asibiti ki hana kanki? Yaya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan mijinki Injiniya, ya kai haske kabarinsa. Mu nan lafiya lau. Matata Maman 'Yan Biyu na gaishe ki. 'Yan biyun sun fara tafiya, yanzu duk abin da ake so a gidan nan sai an ɗora shi a kan kabad.

Na san za ki ce yau kuma Auta ne da wasiƙa, me ya sami wayarsa? Lafiyarta ƙalau. Akwai takardar da na haɗo da ita da ke buƙatar biro, sannan ke a waya ba kya barin mutum ya kai aya.

Wata biyar ke nan ina zaune a gida tun da wurin aikinmu ya rufe. Duk sanda kika tambaya nakan ce ana nan ana nema, to ga shi Allah ya kawo. Wani kamfani da ke ƙera akwatunan sanyi na ajiye alluran rigakafi, irin waɗanda ake kai wa ƙananan asibitoci, ya kira ni. So suke in shugabanci sashen manhajarsu. Har sun nuna mini ofishin, a hawa na uku, da taga mai kallon wurin ajiye motoci da kujera mai juyawa. Sai da Manaja ya fita na ɗan juya a kanta, ba zan ɓoye miki ba. Abin da ya sa suka neme ni kuwa, Randa ce.

Kin tuna mafarin Randa ai. Shekara goma sha ɗaya ke nan, lokacin ina zaune a gidanku ina cin abincinku kyauta. Wata Litinin kika dawo ido jajir, firjin asibiti ya mutu a ƙarshen mako, ba wanda ya san awa nawa ya yi a mace, dole kika zubar da alluran duka. Injiniya ya ture farantai gefe ya buɗe kwamfutarsa a kan teburin cin abinci, ya ce in jawo kujera. Abin da muka rubuta shi ne 'yar manhajar nan da ke auna sanyi kowane minti ta adana, ko wuta ta ɗauke ko layin sadarwa ya yanke ba ta zubar da ko ɗigo. Shi ya sa ya raɗa mata Randa. Daga baya ya ɗora ta a intanet a buɗe, kowa ya gani ya ɗauka. Irin wannan mu a wurin aiki laburare muke ce masa, wato ɗan ƙunshin rubutun manhaja da wani zai ɗauka ya saka a cikin nasa aikin, kamar yadda tela ke samo zif ya ɗinka a riga ba sai ya ƙera nasa ba.

To kowane laburare yana da lasisi, takardar da ke faɗin abin da aka yarda a yi da shi. Lauyar kamfanin ta duba na Randa ta ce bai dace da tsarinsu ba, sai an sauya shi da wani mai sauƙi kafin a ba ni aikin. Ƙa'idar kuwa ita ce ba a sauya lasisi sai duk wanda ya taɓa rubuta ko da layi ɗaya a ciki ya yarda. A shekarun nan mutum ashirin da uku ne suka sa hannu a aikin, har da ni. Mako shida na yi ina farautarsu, wani ya sauya adireshi, wani ya bar sana'ar ya koma kiwon kaji. Ashirin da biyu sun amince. Saura mutum ɗaya, Injiniya, kuma haƙƙinsa yanzu yana hannunki, ke da yaran da kike riƙo.

Ba wani abu ba ne, Yaya, aikin takarda ne kawai. Ki sa hannu a inda na yi alama da fensir, ki ba direban da ya kawo miki ya dawo mini da ita. Sun ba ni zuwa ashirin da takwas ga wata.

Ki gaishe mini da yara, ki ce wa babbar ina sane da alkawarin da na yi mata. Allah ya bar mana ke.

Naki har kullum,
Auta

Laraba, 12 ga wata

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan kuna lafiya kamar yadda muke a nan. Na ji daɗi da kika ce ƙafar ta yi sauƙi, ko da yake na lura ba ki ce kina shan maganin ba.

Ambulan ɗinki ya iso. Na zazzage shi har sau biyu ina neman takardata, sai ga tambayoyi biyu, har da lamba ɗaya da lamba biyu kamar jarrabawa. Gaskiya raina ya sosu. Na yi ta kai da kawo a falo ina cewa abu ɗan ƙarami an mayar da shi shari'a. Maman 'Yan Biyu ta karɓa ta karanta, ta yi dariya ta ce ita ma da abin da za ta tambaya ke nan. Kun haɗe mini kai tun ranar da kuka fara ganin juna.

Tambayarki ta farko: me ke cikin tsohon lasisin da Lauya ba ta so? Ga shi dalla-dalla. Lasisin ya ba kowa izinin abu uku. Ya kwafi Randa, ya gyara ta yadda ya ga dama, ya rarraba ta, ko da sayarwa zai yi. Sai ya gindaya sharaɗi biyu. Na ɗaya, duk inda Randa ta je sunayen waɗanda suka rubuta ta su bi ta, ba a cire su. Na biyu, wanda ya gyara ta kuma ya ba wasu, dole ya buɗe musu rubutun gyaran da ya yi, a kan wannan lasisin dai, don su ma su iya dubawa su gyara. Na farkon bai dami kamfanin ba. Na biyun ne ya tsaya musu a wuya. So suke su yi wa Randa gyare-gyarensu su rufe, kada abokan gasarsu su gani.

Tambaya ta biyu kuwa, na so a ce ba ki yi ta ba. Kin ce in sabon akwatin ya zo asibitinku ya fara shirme, shin Mai Gyaranku zai iya buɗe shi ya duba cikinsa kamar yadda yake yi wa na yanzu mai ɗauke da Randa? A'a, ba zai iya ba. Sai dai ya buga wa kamfanin waya ya jira su turo nasu mutumin.

Tun da na rubuta wannan amsar nake tuna ranar da aka zaɓi lasisin. Kina kicin, muna kan teburin nan. Ni na ce a sake ta kawai ba sharaɗi, kowa ya ɗauka ya yi abin da ya so, ai kyauta kyauta ce. Injiniya ya ce in mutumin farko ya karɓa ya kulle, na biyu me ya samu? Na ce yana son ya ba da abu kuma ya bi shi da ido. Ya ce ni Ɗan Sauri ne, ban taɓa jiran mai gyara kwana uku ba shi ya sa. Muka yi ta yi har shayi ya huce, kika fito kika ce ko mu tashi ko ki shimfiɗa mana abinci a kan kwamfutar. Shi ya ci, don kwamfutarsa ce, teburinsa ne, kuma yayata yake aure.

Amma Yaya, ki saurare ni ni ma. Mutanen nan ba ɓarayi ba ne. Akwatinsu mai kyau ne, zai kai asibitocin da ni da Injiniya ba mu taɓa mafarkin kaiwa ba. Tsohuwar Randa kuma tana nan a buɗe, ba mai ɗauke ta daga inda take. Ni kuwa wata biyar ina gida. Ke kina tashi da safe ki san inda za ki, ni ina tashi in san inda tsintsiya take.

Kada ma ki wahalar da kanki. Lauya ta ce akwai wata hanyar. In aka cire duk layukan da Injiniya ya rubuta aka rubuta sababbi a madadinsu, ba a buƙatar yardar kowa daga gidansa. Kusan kashi ɗaya cikin uku ne nasa. Mako guda ya ishe ni. Ki ajiye bironki, Allah ya huci zuciyarki.

A gaishe da yara.

Ƙaninki,
Auta

Alhamis, 20 ga wata

Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar ƙane mai laifi. Ya gida, ya yara, ya aiki? Ba ki ba ni amsar wasiƙata ta baya ba, kuma ban ga laifinki ba. Na sake karanta kwafinta na ji kunya. Wanda kika goya a bayanki ne yake ce miki ki ajiye bironki. Ki yafe mini.

Bari in ba ki labarin mako gudan da na cika baki a kansa. Na jawo ƙaramin tebur zuwa ɗaki, na ɗaure wayar caji a ƙafar gado saboda 'yan biyu, na rufe duk fayil ɗin da ke da rubutun Injiniya na rantse ba zan leƙa ba. Na buɗe farin shafi na fara daga farko. Kwana huɗu ina yi, aikin yana tafiya sumul, har ina yaba wa kaina ina cewa ashe Ɗan Saurin ma ya iya. Rana ta biyar na ɗauko abin da muke gwada rubutu biyu da shi. Yana jera su gefe da gefe, duk inda suka bambanta ya shafa masa launi. Na sa nawa, na sa nasa, na danna.

Yaya, launin bai cika cokali ba. Shafi bayan shafi fari fat. Yadda yake tsara abu, haka na tsara. Kin san shi da rashin yarda da wutar lantarki: kowane awo sai ya rubuta shi a wuri biyu, ya sake karantawa, sannan ya yarda an adana. Shekara da shekaru ina yi masa tsiya a kan wannan, ina cewa ko ƙofa sau biyu yake kullewa. To haka na yi, ban ma san na yi ba. Abin da ya ƙarasa ni shi ne wurin da ake ƙirga tsawon lokacin da sanyi ya yanke. Mai rubutu shi ke ba irin wannan wuri sunan da ya ga dama. Shi ya kira shi awannin Sista, wato ke. Na duba nawa, awannin Sista na rubuta. Na rufe kwamfutar na fita waje na zauna a kan matakala. Tun ranar da aka kai shi ban yi kuka irin wannan ba.

Duk da haka na kai wa Lauya, don ban da abin yi. Mace ce mai natsuwa, ba ta ɗaga murya. Ta duba ta ce a wurin doka wannan kwafa ce, ko daga takarda aka yi ta ko daga ka. In ana so a tsarkake aikin, sai an samo wanda bai taɓa ganin rubutun Injiniya ba ya rubuta, ni kuwa a hannunsa na koyi riƙe aikin gaba ɗaya. Manaja bai yi mini kwana-kwana ba. Ya ce in har sai sun ɗauki wani ya fara daga tushe, to kujerar nan ba ta da dalili. Mutumin da zai zo da Randa a hannu suke nema. Ashirin da takwas ga wata tana nan yadda take.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro, abu biyu ne da na yi miki ba daidai ba. A wasiƙar farko, da gangan na sa shafin sa hannu a sama na cusa bayanin a baya, na yi miki alama da fensir kamar wadda ba ta iya karatu ba, alhali ke kika koya mini haɗa baƙi. Fatana ki sa hannu tsakanin majinyaci da majinyaci ba tare da kin juya shafin ba.

Na biyun ya fi nauyi. Na ce miki ashirin da biyu sun amince. Tara daga cikinsu da sharaɗi suka amince. Wani tsohon malamin makaranta, wanda layi uku kacal ya taɓa gyarawa, shi ya fara rubuto cewa in gidan Injiniya sun yarda shi ma ya yarda, in ba su yarda ba a cire shi. Sauran takwas suka bi bayansa. Yawancinsu ba su taɓa ganin fuskar Injiniya ba, rubutunsa kawai suka sani. Kin ga ke nan hannunki ba ɗaya ba ne, goma ne, kuma na ɓoye miki.

Tsoro ne ya sa ni, Yaya. Har yau ƙarfe bakwai na safe jikina kan tashe ni neman takalmi. Maƙwabcinmu kullum sai ya ce yau ma hutu ake? in yi dariya kamar abin dariya ne. Maman 'Yan Biyu ba ta taɓa cewa uffan ba, kuma shirun nata ya fi faɗa ciwo. Ina son aikin nan ƙwarai. Amma ba zan sake roƙonki ba. Takardar tana wurinki, yanzu kuma kin san duk abin da na sani.

Ki sa ni a addu'a. Ina gaida yara da kyau.

Autanki

Asabar, 29 ga wata

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri gare ki da yara da kowa da kowa. Ina fatan jiki da sauƙi. Mu ma lafiya, sai dai ɗaya daga cikin 'yan biyu ta gano yadda ake buɗe kabad ɗin, dabararmu ta ƙare.

Saƙonki ya zo ranar Laraba. Wannan karon ban zazzage ambulan ba, takardar ce ta fara faɗowa, da sa hannunki a daidai inda na yi alamar fensir, har da kwanan wata. Na karanta 'yar wasiƙar da kika haɗo har na haddace. Kin ce kin fahimci komai kuma ranki bai kwanta ba, amma ba za ki zuba ido ƙaninki yana zaune ba, shi wanda ya tafi ya riga ya huta. Kin ce ni na san aikin, in yi abin da zan iya kallon kaina da shi. A ƙasa kuma kika ƙara cewa tun da aka sauya wa akwatinku batir agogonsa yake nuna lokacin da ba shi ba.

Wallahi Yaya haushinki na ji. Da kin ƙi, da na samu wanda zan ɗora wa laifi har tsufana. Sai kika ɗauki kayan kika mayar mini a ka, kika koma bakin aikinki.

Ranar Alhamis na zauna in shirya sauyin, don in sun karɓi takardar sai dannawa kawai. A irin aikinmu akwai tarihi da ke ajiye duk gyaran da aka taɓa yi, da wanda ya yi shi, da 'yar maganar da ya bari a kai. Ina neman ranar da aka saka lasisin sai na gangara har ƙasa, zuwa shigarwa ta farko. Ni ina zaune kusa da shi ranar, amma ban taɓa karanta abin da ya rubuta ba. Cewa ya yi: Sista na son sanin awa nawa da digiri nawa, lambobin duk nata ne, mu masu bugawa ne kawai. Sai na tuna ke ce kika tsaya a kanmu da ludayi a hannu kina faɗa mana daga digiri biyu zuwa takwas, da lokacin da ya kamata ƙararrawa ta yi kuka.

Jiya Juma'a na sa rigata mai kyau, na sa takardar a aljihun gaba na tafi. Har na shiga ginin ban san abin da zan yi ba, kada ki ɗauka na sani. Aka ce in jira. A ɗakin jiran sun kafa samfurin akwatin a kan wani ɗan dandamali, fari tas, gwanin kyau. Na zagaya bayansa kamar yadda duk mai irin sana'armu zai yi. Notinan da aka ɗaure shi da su ba irin waɗanda ake kwancewa da kayan aikin kasuwa ba ne, an kuma manna takarda a kai cewa ma'aikacin kamfani kaɗai ke buɗewa. Na tsaya ina kallo, sai ga Mai Gyaranku a idona da tsohuwar jakarsa, ga ki kuma wata Litinin da safe, waya a kunne, ana ce miki ki ƙara haƙuri.

Da na shiga na ce wa Manaja ina son aikin, kuma zan yi musu shi da Randa yadda take. Su sayar da akwatinsu, su riƙe ƙirarsu da sauran sirrinsu, gyaran da suka yi wa Randa kaɗai za su buɗe. Ya saurare ni har ƙarshe, ya sa aka kawo shayi, ya ce ba haka masu kamfanin suka tsara ba. Lauya ta tambaya ko sa hannun ya samu. Na ga ƙaryar da na yi a watan nan ta isa, na ce ya samu, yana aljihuna, kuma wurin mai shi zai koma. Ta dube ni ta ɗan jima, ta rufe fayil ɗinta. Muka yi sallama cikin mutunci.

Aikin ya tafi, Yaya. Ta matakala na sauko, kuma ban ji wata jarumta ba ko kaɗan. A hawa na biyu har na tsaya na taɓa aljihuna. Da na isa gida na gaya wa Maman 'Yan Biyu, sai ta miƙo mini yarinya ɗaya ta ce riƙe, ai dama ta san ba zan iya miƙa musu takardar ba tun ranar da ta gan ni ina kuka a kan matakala. Ranar Litinin zan koma nema. Na rubuta wa sauran marubutan Randa na gaya musu lasisi yana nan yadda yake. Tsohon malamin nan ya amsa da kalma ɗaya, madalla.

Maganar agogon akwatinku kuwa, na san ciwon. Wata mata a wata ƙasa mai nisa ta gamu da shi bara, kamfaninsu ya gyara, kuma sharaɗi na biyun nan ya sa suka buɗe gyaran. Ki ce wa Mai Gyara ya sauko da sabuwar Randa ya saka, ba sai ya jira kowa ba, har ni.

Ga takardarki nan na mayar miki. Ki ajiye ko ki kunna risho da ita, taki ce. Na gode da kika sa mata hannu, ba zan manta ba.

Abu ɗaya na taɓa a Randa, kuma ban nemi izininki ba. Na buɗe fayil ɗin sunayen waɗanda suka yi aikin na ƙara layi guda a ƙarƙashin na Injiniya, sama da nawa. Mun makara da shekara goma sha ɗaya. Kin dai san sharaɗi na farko: daga yau duk wanda ya kwafi Randa, a ko'ina yake, dole ya tafi da sunanki kusa da na mijinki, kuma ba shi da ikon cirewa.

Ki sha maganinki. Ki gaishe mini da yara. Allah ya jiƙan Injiniya, ya saka miki da alheri.

Ni ne ƙaninki mai ƙaunarki,
Auta, Ɗan Sauri